Igiyar da Ta Kwana a Rami

Marka ce a lokacin, irin wadda rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, wanki ya ƙi bushewa, gishiri ya narke a cikin gwangwani. Gero ya yi kyau a gonakin bakin gari, amma ba wanda ya samu bakin yabonsa, domin gonakinmu na nesa, waɗanda su ne ke cika rumbu, ciyawa ce ta gaje su a wannan shekara. Ba mai zuwa can, saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya ƙetare rafi da fartanya, sai an ga dawowarsa hankali ke kwanciya. Shekarar ta zame mana kamar zama a ɗaki mai yoyo, ka matsa nan ɗigo, ka matsa can ɗigo.

A cikin wannan hali jami'a ta shiga yajin aiki, yaron nan ya dawo Anka da wata jaka a bayansa wadda ta kusa kai shi tsawo.

Na ce yaron nan domin ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa. Tun da aka yaye shi ɗakin kakarsa ya koma, Allah ya ji ƙanta. Yana ƙarami idan ya faɗi a tsakar gida, wata ce ke ɗaga shi, ni sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe. Haka na tarar ana yi, haka na yi, kuma an yabe ni a kan haka. Ana cewa wance akwai kunya. Da ya girma muka saba da wata irin magana ta gefe. Idan yana son in san wani abu, sai ya faɗa wa ƙannensa da ɗan ƙarfi a kusa da madafa. Idan ni nake son ya sani, sai in faɗa wa tukunya.

Ni karatuna na manya ne, na yaƙi da jahilci, wanda muka yi a ajin firamare bayan la'asar. Ina karanta Hausa, ina rubuta ta a hankali kamar yadda nake yi yanzu. Da aka ce ya samu jami'a can ƙasar duwatsu, na ɗauka ya rabu da rana da ƙaya ke nan, zai ƙare a ofis mai fanka. Ashe abin da ake koya musu shi ne yadda za su kai mutane daji su dawo da su lafiya. Ana koya musu kafa tanti inda ruwa ba zai bi ba, da neman ruwan sha, da gane hanya a takardar taswira, da ɗaure karaya kafin a kai asibiti. Ana koya musu yadda shugaban tafiya ke daidaita saurinsa da na mafi rauni a ayari. Sannan akwai hawa dutse da saukowa da igiya. Duk a gefe na tsinci wannan, ina tsintar shinkafa yana ba ƙannensa labari. Tambayoyi sun cika mini baki. Wa zai ɗauke shi aiki? Su wane ne za su biya kuɗi a kai su daji, alhali mu biya muke so mu yi a fito da mu? Ba hanyar da zan tambaya.

Wanda ke da hanyar tambaya shi ne ƙanen maigidana, wanda ke haƙar zinari a ramukan da ke wajen Abare. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanen miji, kuma ya riƙe wannan wasa kamar sana'a. Ranar da ya zo yi wa yaron sannu da zuwa, ya zauna bisa turmi ya ce:

"To ɗana, mu nan muna gudowa daga daji da tabarmi bisa kai, kai kuma an tara malamai suna koya maka kwana cikinai? In wanga karatu na, ai makiyayan Adabka duk sun gama digiri."

Matan gida suka kwashe da dariya. Yaron ya yi murmushi ya ce, "Baffa, su kansu suka kai, ni mutanen da ba su taɓa taka ƙaya ba nika kaiwa."

"Allah shi ba ka sa'a. In ka gama, ka zo ka kai ni gonata ta ƙetaren rafi, in gani."

Na ji haushin dariyar, na kuma ji haushin kaina domin ni ma rabin zuciyata tana tare da masu dariyar.

Shagon da yaron ke kwana yana yoyo, saboda haka jakar ɗakina aka kawo ta, ya tura ta ƙarƙashin gado. A cikinta akwai igiyar. Ba tasa ba ce, ta makaranta ce. Suna can bakin dutse aka shiga yajin aiki, da suka koma sun tarar an kulle ɗakin ajiya, sai malaminsu ya damƙa masa ita domin shi ne shugaban rukuninsu. Shuɗiya ce da ratsin ja, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, ga laushi kamar gashin da aka taje. Wata rana da ruwa ya ɗauke ya fito da ita inuwar rumfa, ya shimfiɗa zane, ya riƙa jan ta tsakanin yatsunsa daga wannan baki har wancan, ido rufe, kamar mai kitso tana laluben kan yarinya. Yana yi yana yi wa ƙannensa bayani, da irin ƙarfin muryar da na san da ni ake.

Ya ce abin da ido ke gani riga ce kawai, ƙarfin yana ciki. Ya ce yashi kan shige ta rigar ya riƙa cin zaren ciki ba a sani ba. Ya ce ruwan batir idan ya taɓa ta, ko an wanke ba a ga tabo ba, ta mutu, sai ranar da mutum ya rataya za a sani. Ya ce shi ya sa ba a taka ta, ba a shanya ta a rana, ba a ba da aronta. Ya ce ƙa'idarsu ita ce igiyar da ba ka san inda ta kwana ba, yanka ta ake yi, don kada wani ya tsince ta ya amince mata.

Na faɗa wa tukunya cewa ƙarƙashin gadona ko ɓera ba ya shiga.

Ashe baffansa yana zaure a ranar, ya hango ta.

Bayan haka yaron ya tafi Gummi gaishe da gwaggonsa. Bai daɗe da tafiya ba sai ga baffan da hantsi, wando naɗe, ƙafa duk jan laka. Ya gaida yayansa, ya sha ruwa, sannan ya juyo kaina.

"Matar yaya, marka ta ruɓar muna da igiyar rami. Ara min wagga shuɗiya ta ɗana, jibi in maido."

Na ce, "Ba tashi ba ce, ta makaranta ce."

"To ni makarantar zan cinye? Igiya dai ta."

Na ce, a hankali yadda na saba, "Ya ce ba a ba da aronta."

Sai ya tafa hannu ya waiga wajen matan da ke surfe. "Jama'a ku zo ku ji! Ya ce! Yau matar yaya ta zama mai gadin kayan ɗan fari. Halan gobe goya shi za ki yi ki kai shi jami'a? Faɗi sunanai mu ji, tunda abin ya kai nan."

Suka saki taɓare suna dariya. Ɗaya ta ce, "Kai, ka bar ta, zamani ne." Wata ta ce, "Ni dai ban taɓa gani ba." Fuskata ta yi zafi kamar na leƙa murhu. Na dubi maigida, wanda ke gyaran ƙotar fartanya a bakin rumbu, ina fatan ya ce wani abu. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ba shi mana. Ɗansa ne, kayan ɗansa ne."

Ban miƙa masa ba, ban kuma tare ƙofa ba. Shi ya ɗaga labule, ya durƙusa ya jawo jakar, ya rataya igiyar a kafaɗa ya fita yana cewa Allah ya bar zumunci. Na ji tashin babur ɗinsa. Na koma na ci gaba da wanke-wanke, na wanke kwano ɗaya har ya fara ƙara a hannuna.

Jibi ta zo ta wuce. Na ce wa maigida ko za a tuna wa ƙanensa, ya ce ba a yi wa ɗan'uwa tuni a kan igiya. Na aika da gaisuwa ta bakin matar baffan, na saka maganar a tsakiyar gaisuwar, ta dawo mini da cewa ya ce in kwantar da hankalina, igiyar tana aiki kamar ba gobe. Wannan shi ne abin da ba na son ji. Duk sanda aka yi tsawa sai in tuna ta tana can a bakin rami cikin laka.

Yaron ya dawo daga Gummi da ƙullin kuka da daddawa daga gwaggonsa. Ya shigo ɗakina ya jawo jakar, ya tarar ba igiya. Ya fito ya tsaya a tsakar gida bai tambayi kowa ba. Ni na faɗa wa murhu cewa baffa ya zo, an hana shi bai hanu ba. Ban san ko ya ji kalmar hanawar ba. Ya sa takalmi ya fita.

Da la'asar suka dawo tare bisa babur, shi da baffan. Igiyar tana ɗaure a baya, an naɗe ta a jikin wani tsohon batirin mota da baffan zai kai caji. Ba shuɗi ba ja, duk ta koma kalar ƙasar rami, tana warin fetur. Abu ɗaya na iya cewa da ƙarfi a ranar, shi ma don ba maganar ɗan fari ba ce: na ce kada a shigo mini da ƙurar rami cikin gida inda yara ke rarrafe. Wannan kowa a ƙasarmu ya san dalilinsa, gubar dalmar da ke cikin ƙurar tana kashe yara, ba wanda ya yi musu. A ƙofar gida aka ajiye baho.

Baffan yana tsaye yana yabonta. "Wallahi ɗana, Turawa sun iya abu. Buhun dutse munka riƙa jawowa da ita tun safe har marece, ko gezau. Ni kaina da ita nika sauka. Ka ce ma malaminku in suna saidawa ina so."

Yaron ya ce, "Baffa, tun yaushe take tare da batirin nan?"

"Wane batir? Wanga? Ai nan munka aje su wuri guda cikin bukka, don ruwa. Mi ya faru?"

"Yana yoyo?"

"Ɗan kaɗan, ba wani abu ba. Kai dai sa omo ka wanke, in wani ya gane ka canza min suna."

Bai sa omo ba, da ruwa zalla ya wanke ta, ya canza ruwan ya sake canzawa har ya fito fari. Ya shanya ta a inuwar zaure. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ta wanku. Da ta bushe ta dawo shuɗiya tas da ratsinta, kamar ranar da ya kawo ta. Na so a ce ta fito da tabo, ko ta zare a wani wuri, yadda kowa zai gani magana ta ƙare. Ya ja ta tsakanin yatsunsa ido rufe, daga baki zuwa baki, ya sake. Maigida ya tambaye shi ya ji wani abu? Ya ce bai ji ba. Maigida ya ce to alhamdu lillahi. Yaron ya ce ai ɓarnar ruwan batir ba jin ta ake yi ba.

A cikin kwanakin nan rediyo ya faɗi cewa an janye yajin aiki. Abokansa suka kira shi a waya, na ji yana amsawa a zaure. Da an koma, jarrabawarsa ta ƙarshe ita ce ya ɗauki sababbin ɗalibai ya kai su dutse, ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, malamai suna kallo. Da wannan igiya.

Ranar jajibirin tafiyarsa, bayan la'asar, mazan suka zauna a tabarma ƙarƙashin rumfa, ni ina bakin madafa ina tuƙa tuwo. Yaron ya ce yana ganin zai gaya wa malaminsu gaskiyar inda igiyar ta je.

Baffan ya ce, "Ka gaya mai mi? Ka kai kanka ƙara? In sunka ce ba ka iya riƙon amana ba, sunka tuɓe ka, sunka ce ka sake shekara, wa ya jawo?"

Maigida ya ce, "Abin da ido bai gani ba, kada baki ya tono shi. Shekara nawa muna jiran ka gama."

"Baba, mutane za su rataya a kanta."

"Ni ba mutum ba ne?" in ji baffan. "Na fi kowane ɗan makaranta nauyi, ga ni zaune gabanka. Kai dai an cika maka kai da tsoro. Rai ai na Allah na."

Yaron ya yi shiru. Na san wannan shirun, irin nawa ne, a wurina ya gado shi. Ba ya iya musu da manya, kuma yana tsoron komawa ya ce ya kasa riƙe abu ɗaya da aka ba shi. Ya ɗauko igiyar ya naɗe ta yadda suke naɗewa, ya sa ta a jaka, ya ja zif. Ban ga ya yanke shawara ba, na ga dai ya sa ta a jaka, kuma na san abin da ya shiga jaka cikin shiru yakan fita cikin shiru.

Da maigida ya zo alwalar magariba kusa da randa, na matso na ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ɗiyan mutane ne fa za su sauka da ita."

Ya ce, "Ke kuma ina ruwanki da maganar ɗan fari? Baffansa ya yi magana, na yi magana."

Na koma bakin murhu. Tuwon ya kama, ban ma ji ƙaurinsa ba sai da wata ta ce matar gida yau lafiya? Na ce itace ne ɗanye. Ina kwashewa ina tunanin wata mata da ban sani ba, a wani gari da ban taɓa zuwa ba, wadda ita ma ta haɗa wa ɗanta ƙuli-ƙuli ta sallame shi jami'a, tana ganin ta raba shi da haɗari. Ina tunanin nawa yana tsaye a saman dutse, igiya tana bin tafin hannunsa, shi kaɗai ya san inda ta kwana. Ko ba ta tsinke ba, da wannan zai fara aikinsa. Shekara da shekaru ana yaba mini kunya. A ranar na rasa abin da kunyar ta taɓa tsare mini.

Da yaron ya shigo ɗaukar tuwonsa ya tsaya a bakin ƙofar madafa, ya ce wa ƙofar, "Ban san yadda zan yi ba." Na buɗe baki, sai ga matan gida sun shigo da kwanuka. Na ce wa tukunya a ci da zafi.

Washegari bayan sallar asuba, maza suna masallaci, na jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Na kifa turmi a tsakar gida, na wasa wuƙar yanka kaji a bakin dutse, na ɗora igiyar. Ba ta yanku da sauƙi ba. Rigar ta fara rabuwa, sai fararen zare suka fito a murɗe, na riƙa gurzawa har hannuna ya yi zafi. Na duba cikin da kyau ko zan ga ɓarnar da ya faɗa. Ban ga komai ba, fari ne kawai, kuma ni ba sanin abin dubawa na yi ba. Na ci gaba. Na yanka ta gunduwa-gunduwa, ba wadda ta kai tsawon da za a ɗaure akuya da ita, don kada baffa ya ce a bar masa saura.

Gari ya fara haske, matan gida suka fito da butoci suka tsaya. Ba wadda ta yi dariya tukuna. Ina tattara gunduwoyin a cikin zane sai ga mazan sun shigo, maigida a gaba, yaron a bayansa. Maigida ya ce, "Innalillahi, me kika yi?"

Na ƙulle zanen na sa a jakar, na ɗora ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji a sama, na ja zif. Na ɗauke ta da hannu biyu, domin tana da nauyi, na kai har gaban yaron na ajiye. Na dube shi a fuska, a gaban ubansa da matan gida duka, na ce:

"Ka kai musu duka, kada ka rage ko ɗaya. Ka faɗa musu inda ta kwana. In sun tambayi wanda ya yanka, ka ce uwarka ce."

Wata daga cikin matan ta ce, "La ilaha, uwarka fa ta ce." Na ji ta. Na tayar da turmin, na share zarurrukan da suka zuba a ƙasa, na tafi na dama masa kunu kafin mota ta cika.